Tawadar da ke Aljihun Malam Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ranar da labarin rasuwarsa ya iso mini ina tsugune a tsakar gida ina wanke kalwa, hannuna duk santsi. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Tasalla, wai tsohon nan mai tafireta na bakin kotu ya cika jiya da la'asar." Ban san lokacin da na ce mata ba, "Kin gani ko kin ji?" Sai da maganar ta fita daga bakina na tuna a wurin wa na koye ta. Nan na zauna daɓas, ruwan kalwa yana bi ta ƙarƙashina, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifiyata.

To mata, ku gyara zama. Malamarmu ta ce yau ni zan yi muku magana, ni da ban wuce ajin yaƙi da jahilci ba. Na rubuta abin a takarda don kada ɗoki ya sa in tsallake wani wuri. Ba ni da karatu mai yawa a ka. Mutum ɗaya na sani, shi zan ba ku.

Sunansa Malam Nomau. Gajere ne, siriri, tabaransa ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Aikinsa buga wa mutane takardun kotu da Turanci. Ku yaran yanzu ba ku san tafireta ba: wata na'ura ce ta ƙarfe, a saka mata takarda, a yi ta danna ta ƙwas-ƙwas-ƙwas, in ta kai ƙarshen layi ta buga 'yar ƙararrawa. Su biyar ne masu wannan aiki, kowa da teburinsa, a jere a inuwar barandar wani bene mai kallon babbar kotu. Ita babbar kotu ba ta karɓar takarda sai da Turanci. Mu kuwa da ba mu yi boko ba, abin da za mu iya kawai shi ne mu faɗi namu da baki, a buga, mu dangwala yatsa.

Ku saurara nan. Sauran huɗun, gwangwanin tawadar dangwale a buɗe yake a kan teburinsu, kana zama ana jawo hannunka. Shi Malam Nomau tawadarsa a aljihun rigarsa take. Ba ta fitowa sai ya gama bugawa, ya juya takardar da Hausa, ya karanta maka daga farko har ƙarshe. Duk inda ya zo ɗigon aya sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa ya tsaya, ya ce, "Haka ne?" Sai ka ce haka ne zai wuce. Yana cewa ita aya wurin tsayawa ce a tambayi mai magana, shi ya sa ba ya barin jimla ta yi tsawo. Magana ɗaya, jimla ɗaya, aya. Yana da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya fita, duk kalmar da bai iya faɗa da Hausa ba, ba ta shiga takardarsa. Sauran suna yi masa dariya, suna kiransa Malam Turancin Firamare. Mutane ma sun fi zuwa wurinsu, don mu a tunaninmu Turancin da ya fi nauyi shi yake tsorata alƙali.

Yanzu ga yadda na haɗu da shi.

Mahaifiyata ta bar mini ɗorawa uku. Ku ji da kyau, ba gonar ta bar mini ba, itatuwan ta bar mini. A wurinmu haka ake yi, gona ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Da kawuna ya sayar wa wani Alhaji Ɗanliti gonar, a gaban mai gari aka faɗa cewa ban da ɗorawar Tasalla. Kalwar itatuwan nan nake yin daddawa da ita, daddawar nan kuwa ita ce tuwon 'ya'yana huɗu tun da ubansu ya rasu. Shekara biyu lafiya lau, a ta uku Alhaji ya ce kada ya sake ganin ƙafata a gonarsa. Ana nan sai aka wayi gari an sare ɗaya, babbar cikinsu. Na kai ƙara wurin alƙali, ya ba ni gaskiya. Alhaji ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, aka ce sai na kawo amsata a takardar rantsuwa da Turanci. In na faɗi a can, sauran biyun ma sun tafi, 'ya'yana sun shiga uku.

Na zo barandar nan da goyo a baya. Teburin Malam Nomau ne kaɗai babu kowa, sai na zauna. Ya gaishe ni, ya tambayi yara, sannan ya ɗauki fensir.

"Wa ya sare ɗorawar?"

"Alhaji mana."

"Kin gani ko kin ji?"

"Malam, ai duk gari sun sani."

"Duk gari ba za su dangwala yatsa ba, baiwar Allah, ke za ki dangwala. Ranar da aka sare kina ina?"

"Ina ƙauyen ƙanwata, bikin suna."

"To me idonki ya gani da kika dawo?"

Na ce na ga kututture. Na kuma ga itacen a jibge a ƙofar gidan Alhaji, na gane shi, don akwai ƙusar da mahaifiyata ta kafa a gindin tana rataye ƙwarya.

Ya ce, "Madalla. Shi za mu rubuta. Kututture, da itace, da ƙusa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, na zo ka taimake ni ne, ko na zo ka taya Alhaji? Ka sa kawai na gan shi da gatari. Wa zai sani?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ke za ki sani. Ni zan sani. Sai kuma Wanda za ki rantse da sunansa."

Mata, kun san halina, ba ni da sanyin baki. Na miƙe na ce masa dama an gaya mini Turancinsa na yara ne. Ya mai da tabaransa. Na koma teburin da ke kusa da nasa, na wani da ake kira Mati Lauya. Ba lauya ba ne, baƙar kwat kawai yake sawa ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Ban gama ba shi labari ba ya hau bugu. Ƙararrawar nan sai kaɗawa take kamar an tashi makaranta. Kafin in shayar da goyona ya zaro shafi huɗu cif, ya kamo wuyan hannuna yana ja zuwa tawada. Ni kuwa sai murna, ina cewa yau Alhaji zai ga Turanci.

Sai na ji murya daga gefe, a hankali. "Baiwar Allah, yatsan naki ne. Naɗe shi a tafin hannunki har a karanta miki."

Mati ya ce, "Malam Firamare, wannan Turancin manya ne, ba ya juyuwa da Hausa."

"To abin da ba a iya gaya mata da Hausa, yaya za ta rantse a kansa?"

Ban san abin da ya sa ba, sai na ga yatsana ya shige cikin hannuna. Na kwashi takardun na dire a gaban mutumin da na gama zagi yanzun nan. Ko kallon banza bai yi mini ba. Ya gyara tabarau ya fara karantawa.

Jimlar farko, wallahi, ta ci rabin shafi babu aya, kamar akuya ta tsinke igiya. Malam yana karantawa numfashinsa yana ƙarewa, yatsansa a sama yana neman inda zai ƙwanƙwasa bai samu ba. Har dariya ta kama ni. Amma da ya shiga shafi na biyu dariya ta ɗauke. Wai ni Tasalla na ga Alhaji da asuba riƙe da gatari. Wai na kama rigarsa ya hankaɗe ni na faɗi. Wai ɗorawata goma ce.

Na ce, "Ni? Yaushe aka yi haka?"

Mati ya ce, "Haba Hajiya, ɗan gishiri ne. Miya ba ta daɗi sai da gishiri."

Na ce, "Kai, ni mai daddawa ce, kada ka koya mini miya."

Duk barandar ta kwashe da dariya, har shi Matin. Malam Nomau kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Zauna mu fara daga farko."

Ku saurara ku ji aiki. Tun hantsi har aka kira azahar yana yi mini tambaya. Wa ya shuka, wace shekara aka sayar da gonar, su wa suke zaune da aka ce ban da ɗorawa, wa yake taya ni kaɗo ta. In na ce "wai", sai ya ɗaga fensir ya ce, "Wai ɗin wa? Faɗi sunansa, ko mu bar shi." Ya buɗe ƙamus neman sunan ɗorawa da Turanci bai samu wanda ya gamsar da shi ba. Sai ya sa takalmi ya taka har ofishin malaman gona cikin rana, ya tambayo, don kada alƙali ya ɗauka kuka ce ko tsamiya. Ya dawo da sunan a rubuce a tafin hannunsa yana murna kamar an yi masa haihuwa. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne yadda zai sa Turanci ya fahimci cewa ana sayar da ƙasa a bar itace. Ya rubuta ya soke, ya rubuta ya soke. Daga ƙarshe ya raba ta biyu. An sayar da gona, aya. Ba a sayar da itatuwan ba, aya. Ya ce in dawo da safe.

Da safe na zo ban same shi a barandar ba. Can na hango teburinsa a jikin katangar kotu, a fili, rana tana dukan ƙarfen tafiretar. Na ce, "Malam, lafiya ka bar inuwa?" Ya ce, "Iska ta fi kaɗawa a nan." Ni da hankalina yake kan ɗorawa, ban ƙara tambaya ba.

Shafi ɗaya ya buga. Jimla goma sha huɗu, na ƙirga da ƙwanƙwasar yatsansa. "Ban ga wanda ya sare itacen ba. Haka ne?" Na ce haka ne. "Na ga kututturen da idona. Haka ne?" Haka ne. Da muka kai ta ƙarshe ya sa hannu a aljihu ya fito da tawada, ya buɗe, ya ce, "To, yanzu fito da yatsan."

Ranar shari'a, kuna ji ko, lauyan Alhaji ya miƙe da rigarsa har ƙasa. Ya zo da mutum biyu daga ƙauyen ƙanwata, waɗanda za su shaida ina wurin suna ranar da aka yi saran. Jira yake in ce na gani, ya kama ni da ƙarya, duk sauran maganata ta zube. Ta bakin tafinta ya ce, "Kin ga Alhaji yana saran itacen?"

Na ce, "Ban gani ba, ranka ya daɗe. Ina bikin suna. Yana cikin takardata."

Ya duba takarda, ya juya bayanta, babu komai a bayan. Ya sake dubawa. Mutanen nan biyu da ya ɗauko a mota haka suka koma ba a tambaye su ko sunansu ba. Alƙali ya karanta shafin nan a gabanmu, bai ɗauki lokacin shan fura ba, ya sa aka kira mai gari. Mai gari ya ce tabbas a gabansa aka ce ban da ɗorawa. Aka bar mini biyuna. Wadda aka sare kuwa, alƙali ya ce tunda babu wanda ya ga mai saran, ba zai ɗora wa kowa ba. Ta tafi ke nan. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, na daɗe ina cewa da na ce na gani da an biya ni ita. Sai daga baya na gane da na faɗa, da duka ukun na rasa, in kuma tashi gaban Allah da rantsuwar ƙarya a wuyana.

Ɗorawa biyun nan su suka yi wa 'ya'yana makaranta, su suka aurar da su. Duk shekara in na yi daddawar farko sai in kai wa Malam Nomau ƙulli. Shekara talatin da ɗaya ina kaiwa. Kullum a jikin katangar nan nake samunsa, ya kafa wata tsohuwar lema, wuyansa ya yi baƙi ƙirin saboda rana. In na ce ya koma inuwa sai ya ce, "Ke dai iska." Har kwamfuta ta zo aka daina tafireta, bai tashi ba. Mutane su je a buga musu a shago, su kawo masa ya karanta musu da Hausa, yana ƙwanƙwasa tebur.

To mu koma ranar da na ji rasuwar. Na wanke hannu na ɗauki mayafi na tafi gaisuwa. Ina fitowa daga wurin mata sai wani tsoho da sanda ya tare ni a ƙofar zaure. Da ƙyar na gane Mati Lauya, babu kwat, babu haƙora.

Ya ce, "Mai daddawa, kin san abin da ya fitar da shi daga baranda?"

Na ce iska ya ce mini.

Ya girgiza kai. Ya ce ranar da na fara zuwa barandar, da na tafi gida, bayan la'asar, Alhaji Ɗanliti ya zo da kansa. Ashe benen nan na yayansa ne. Ya ja kujera ya zauna gaban Malam, ya ce layi ɗaya kawai yake so a ƙara a takardar matar nan, cewa ta yarda itatuwa sun bi gona. In an zo karanta mata, a tsallake layin. Za a ba shi ɗaki a cikin benen, da fanka, da sabuwar tafireta mai aiki da lantarki. Ya ce ai ba ta iya karatu ba, har ta mutu ba za ta san daga ina aka cuce ta ba.

Na ce, "Me ya ce masa?"

"Ya ce, 'Alhaji, idon matar nan ba ya karanta takarda. Ara mini ta yi in duba mata. Ba zan tsone shi ba.' Alhaji ya ce to ya kwashe teburinsa kafin magariba. Malam ya ɗauki tafiretar a ka da kansa."

Bakin da ya saba ya saba. Na ce, "Mati, ka gani ko ka ji?"

Ya ce, "Na gani, na ji, kuma ni aka ƙara wa wurinsa a kan nawa." Ya sunkuyar da kai. "Shekara talatin ina zaune a inuwarsa. Kullum da safe shi yake fara gaishe ni."

Mata, ku dube ni. Matar da ta zage shi a bainar jama'a, ita ya shiga rana dominta, a ranar da ta zage shi. Sau talatin da ɗaya ina zuwa da ƙullin daddawa ina jin na yi abin kirki, bai taɓa buɗe baki ya ce ga abin da na yi miki ba. Ba malamin zaure ba ne, ba ya limanci, ba wanda ya taɓa tashi tsaye don ya shigo. Turanci yake bugawa, harshen da wasunmu suke ganin ba ruwan lada da shi. A cikin wannan Turancin ya nemi lahirarsa, ɗigo bayan ɗigo. Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa.

Ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Amana ba sai an ba ki ajiyar zinariya ba. Duk wanda ya ara miki idonsa ko kunnensa, amana ya ba ki. Ke da kika yi boko, in tsohuwa ta miƙo miki takardar asibiti, ko saƙon da ya shigo wayarta, karanta mata duka, har wurin da ba zai yi miki daɗi ba. Ke da ɗanki yake aikin lauya ko akawun kotu, gaya masa ya rubuta yadda mai yatsa zai gane, ya sa aya inda magana ta ƙare, kada ya ɓoye komai a cikin dogon Turanci. Mu kuma da ba mu da tafireta, muna da baki. Sau nawa a yini muke cewa "da idona na gani" alhali a bakin rijiya muka ji? Aure nawa ya mutu, zumunci nawa ya tsinke, a kan wannan ɗan gishirin? Shaidar zur ba sai a kotu ba, ana yin ta a tsakar gida, ana yin ta a wurin biki, kuma ana rubuta ta a takardar da za a karanta mana wata rana, ba a tsallake ko layi ɗaya.

Ni dai ban gama gyaruwa ba, kun san bakina. Amma kullum da safe in na fito da tiren daddawa ƙofar gida, mata suka taru, labari ya fara zagayawa, na ji nawa ya taso har maƙogwaro, sai in naɗe babban yatsana a tafin hannu. Ba ya fitowa sai na tambayi kaina na amsa. Yau da safe ma sau biyu na naɗe shi.